Kanwa a Tukunyar Yajin Mangwaro

A zuri'armu in mace ta haihu, ni nake daka yaji. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, tun ina gidan mijina har Allah ya yi masa rasuwa na dawo gidanmu na gado a cikin gari, a lungun da yake ɓullewa bayan Kasuwar Kurmi. Da an ce wance ta sauka lafiya, kafin ruwan wankan jariri ya huce an aiko mini da barkono. In haɗa citta da kanumfari da masoro da kimba da daddawa, in sa a shanya, in tsaya a kan masu lugude har sai garin ya bi rariya ya sauka luƙwi. Shi mai jego take ci da nama har ta yi arba'in, shi kuma ake ƙullawa a raba wa dangi da maƙwabta tare da soyayyen naman suna. Ban taɓa awo da komai ba sai tafin hannuna, kuma ban taɓa jin wanda ya ce gishiri ya yi yawa ba.

Ina zaman zamana sai 'yar ƙanina ta dawo daga makaranta da tsirfa.

Ita ce ta biyu a 'ya'yansa mata. Gida ɗaya muke, su a sashen gabas, ni a ɗakin da uwarmu ta bari. Yarinya ce mai ladabi, ba zan ɗauki alhakinta ba, har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni. Amma shekara huɗu ta kwashe a babbar makaranta wai tana karanta ilimin abinci. Ranar da aka fara gaya mini sai da na ce a maimaita. Abin da muka koya a gindin murhu, hayaƙi a ido, ana zungurinmu da muciya, shi ne uba zai tura 'yarsa a koya mata a jikin allo? Ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta dawo ta rarraba takardun neman aiki, shiru kamar an shuka dusa. Daga nan ta sayo blanda da wani ɗan sikeli da bai fi ɗan faifai ba, ta samo littafi mai jan bango, ta tare a kicin ɗin uwarta.

Abin da take yi wai yaji ne. Ruwa-ruwa, launin gwaiduwar ƙwai, a cikin kwalba. Attarugu take markaɗawa da mangwaro. Mangwaro dai da kuka sani, wanda yara suke tsotsa su goge hannu a riga. Ita tana kiransa sos, ni kuwa na raɗa masa jagwalgwalo, kuma a gabanta nake faɗa. Ta taɓa ajiye kwalba ɗaya a kan tagar kicin, ba firji ba komai, har wata biyu, ta ɗauko ta kawo mini tana murna kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Gwaggo, duba ki gani, ko canja launi bai yi ba."

Na ce, "Abin da ko ƙuda ya ƙi, me zai same shi?"

Ta yi dariya ta tafi da kayanta. Ban ɗanɗana ba, ban ma bari ta buɗe a ɗakina ba.

Ubanta kayan yaji yake sayarwa a Kurmi, rumfar da ya gada wajen mahaifinmu. Ƙanina mutum ne da ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya ga inda jama'a suka karkata ya bi su, daga baya ya ce da ma ra'ayinsa ke nan. Yarinyar ta fi wata shida tana roƙonsa abu ɗaya: ya ba ta kanta guda a rumfar ta jera kwalabenta. Kanta guda tak. A kanta ta ɗora duk burinta, don kuwa rumfar ta tsufa da abokan ciniki, matan da suke sayen kayan jego da na biki tun daga Ƙofar Mata har Ƙofar Ruwa nan suke zuwa. Yana ta yi mata hanya-hanya, har lokacin da yayarta ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Rannan da safe muna tsakar gida ya kira ta.

Ya ce, "Ga yayarki nan, yau ko gobe. Ki yi abin naki a raba da naman suna. In dangi suka ci suka nemi ƙari, kanta taki ce. In kuwa aka yi shiru, ko aka yi da ni, kar in sake jin kukan injin nan a gidana."

Sannan ya juyo gare ni, ko kunya babu. "Yaya, ke sai ki yi na mai jego. Na rabo a bar mata wannan karon."

Na ce to. Me zan ce? Ni da nake cika kwalla uku a sunan bare, a sunan jikan gidanmu an mayar da ni mai kwano ɗaya. Na ji zafin abin har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Amma raini ya fi zafin yawa. Na ce a zuciyata kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara, ga fili ga mai doki.

Yayar ta haihu kwana biyu bayan ƙaramar salla, namiji. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da katangar ƙasa ma take huci. Ni na yi nawa tun a kwana na uku, na rufe a kwano na kai ɗakin mai jego. Ita sai ranar kwana biyar ta ɗaura ɗamara.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina don in sha kallo, kuma na sha. Kwando biyu na mangwaro aka sauke, paparanda, wai shi ne ba shi da zare. Ta fere, ta yanka, ta ɗora a sikeli, ta rubuta. Attarugu ma sai da ya hau sikeli. Tafarnuwa, ɗanyar citta, gishiri, sukari, kowanne a auna a rubuta, sai ka ce zinare ake saye. Ta sa safar roba a hannu, ta ɗaura takunkumi a hanci, don kar barkono ya ga fatarta. Mu da muke gyaran buhun barkono da hannu tsirara mu tashi mu yi alwala. Wuta ba ta zo ba, kamar kullum, blandar da ake taƙama da ita ta zauna tana kallonmu, dole ta ɗauki bokitai da kanta ta kai injin markaɗen bakin lungu. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kwalaben. Ta cika tukunya da ruwa ta zuba kwalabe, wayam ba komai a ciki, ta dafa su kamar ƙwai. Na tambaye ta ko da miya za a ci su.

Babbar tukunyata ta ara, wadda ake dafa shinkafar taro. Ta juye markaɗen, ta kawo wani galan na ruwan khal mai tsami ta tuttula fiye da rabi, ta matse lemon tsami ya fi ƙwarya guda ta ƙara. Tukunya ta ɗauki tafasa, gida ya ɗauki tari. Har mai jego sai da ta saki labule.

Da azahar ta sauke. Ta ɗebo a ɗan cokali ta nufo ni. Tana azumin sitta shawwal, leɓenta duk ya bushe.

"Gwaggo, ɗanɗana mini gishirin don Allah. Awon dai daidai yake, amma ina so ki ji."

Na karɓa don kar a ce na yi baƙin ciki. Gaskiya ɗaya ce: zaƙin mangwaron ne ya fara zuwa, attarugun ya biyo baya ya kama maƙogwaro yadda ake so, kuma akwai wani daɗi a ƙasa da ban so na ji ba. Amma tsami! Tsamin da ya kashe mini haƙora, sai da na runtse ido.

Na ce, "Wannan za ki aika gidan surukan yayarki? Abin da ya fi tsamiyar biri tsami? Sai a ce gidan nan ba mata."

Ta ce, "Haka ake so, Gwaggo. Ai tsamin yana da aikinsa, in kika duba..."

Na ɗaga mata hannu. "Dakata. Ni za ki buɗe wa aji? Na yi girkin sunan ubanki, na yi na bikin uwarki da ta zo gidan nan amarya. Je ki da karatunki."

Ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Gwaggo." Ta mayar da cokalin.

Ana haka aka kira ta a waya, mai murafan kwalabe ne, wai ta zo ta karɓa a can wajen Ƙofar Mata, daga nan kuma ta biya ta karɓo takardun da za ta manna a jiki. Ta rufe tukunya da faranti, ta zura hijabi ta fita. Uwarta tana ɗakin mai jego da 'yan barka. Tsakar gida daga ni sai tukunya.

Duk macen da ta tashi a cikin garin nan ta san maganin tsami. In tumatir ya yi wa miya yawa, kanwa. In gasara ta kwana, kanwa. Ba a makaranta ake koya ba, a bayan uwa ake gani. Gidan jego kuwa ba a rasa ta, ga babbar ƙwarya nan a gindin randa an jiƙa ungurnu mai yawa don kunun kanwar gobe, wanda za a raba wa unguwa. Na tashi na tace ruwan, na buɗe tukunya na zuba. Nan take abin ya taso da kumfa, fuuu, har yana neman zuba, na ce yawwa, fito munafuki. Na juya, kumfa ta kwanta, na ɗanɗana, da saura. Na ƙara. Sai da na ƙarar da ƙwaryar nan kaf. Na ƙarshe da na kai bakina, lafiya lau, zaƙi da yaji sun zauna ba mai takura musu. Na ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Na wanke ƙwaryar na jiƙa wata kanwar na mayar gindin randa.

Allah ya sani ba mugunta na yi niyya ba. A ganina gidanmu na fitar kunya. Abin da ya hana ni faɗa kuwa, ajiye maganar na yi sai ranar da aka fara yabo, sannan in gyara zama in ce, ai hannun manya ne ya shiga. Har na tsara yadda zan faɗe ta da wanda zan kalla.

Da ta dawo ta buɗe, ta tsaya tana kallo. "Kamar ya ɗan yi duhu."

Na ce, "Me kika zata? Wuta ya sha."

"Ko tukunyar ce?"

"Tukunyar nan ta girme ki, ki kiyaye ta."

Ta buɗe littafinta ta bi layi-layi da yatsa, ta ga komai yadda ta rubuta. Wanda ya yarda da sikeli fiye da harshensa ai sai a bar shi da sikelin. Ta ɗumama, ta ɗura, ta murɗe murafai tam, kafin la'asar sakaliya ta jera kwalba sittin a ɗakin ajiya. A jikin kowacce ta manna takarda mai hoton mangwaro da attarugu, a ƙasa ga lambar wayarta da manyan baƙaƙe. Ni kuma na sa aka wanke mini tukunyata tas kafin a kira magariba.

Aka yi suna, aka ci aka sha. Washegari aka soya raguna biyu, aka kasafta nama, kowane ƙunshi da kwalbarsa. Zo ka ga dangina. Matan da ko a mafarki ba su taɓa ganin yaji mai takarda ba, suna juya kwalba suna "Kai, masha Allah, kamar na kanti," suna kallona ta wutsiyar ido su ga yadda na ji. Wata 'yar kawunmu, wadda na daka wa yajin haihuwa tara, har da cewa zamani ya zo da sauƙi, an huta da atishawa. Ba wadda ta buɗe. Mutanenmu in aka ba su abu mai kyan gani ba ci suke ba, adanawa suke. Kowacce ta kai gida ta sa inda take sa yajin gari: wata a saman kabad, wata a cikin kwalla, wata ma a durowar kaya tsakanin atamfofi don kar yara su gani. A wannan zafin.

Kwalba shida aka aika wa Hajiya, uwar mijin mai jego. Hajiya mace ce mai son a gani a faɗa. Kwana biyu bayan rabo ta tara ƙawayenta a falo da rana, ta sa aka kawo naman, ta ɗauko kwalba tana ba su labarin irin gidan wayayyu da ɗanta ya yi aure. Wata da take wurin ce ta ba ni labari. Ta ce murfin ya ƙi murɗuwa, Hajiya ta sa gefen mayafinta ta matse a ƙirji ta murɗa da ƙarfi. Ƙara ɗaya aka ji. Abin ya yi tsiri har silin, ya dawo ya wanke mata fuska da leshi, ya shiga idon wadda take kusa. Wari kuwa sai ka ce an buɗe kwata. Manyan mata suka yi waje ba takalma. Allah ya taƙaita, warin ya hana kowa kaiwa baki.

Kafin yamma wayar yarinyar ta ɗauki ruri, tun da ita da hannunta ta raba wa gari lambarta. Ta wannan ta fashe a durowa ta ɓata turmi huɗu. Ta waccan tana tsiyaya tana kumfa a saman kabad. Waɗanda suka ce kamar na kanti su ne suka fara cewa da ma tun a ido suka ga abin bai kwanta musu ba. 'Yar kawun nan tamu har gida ta zo ta zauna a tabarmata tana cewa, "Yaya, ai yajinki shekara yake ba ya ko dunƙulewa." Na dube ta na raina mata wayo, amma maganar ta yi mini daɗi. Ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ce, "Ba na faɗa ba? Abu da uban tsami haka, da ma hanyar lalacewa ya kama." Ko kaɗan kanwa ba ta faɗo mini a rai ba. A sanina kanwa gyara take yi. Har cewa na yi a zuciyata, da ban rage tsamin ba da tun a ɗakin ajiya za su fashe.

Ƙanina ya dawo daga kasuwa da wuri, bayan ya je ya ba Hajiya haƙuri. Ashe har ya sa kafinta ya buga kantar ya shafa mata fenti, shi mai bin iska. Ya tsaya a tsakar gida ko zama bai yi ba.

"Shekara huɗu," in ji shi. "Shekara huɗu kina karatu, ki rasa inda za ki zubar mini da mutunci sai gidan surukai. Yayarki da wane ido za ta koma? An gama. Kar in sake ji."

Washegari da hantsi yarinyar ta ɗauki bokiti mai murfi ta bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa tana ba da haƙuri tana karɓo kwalabenta. Kwana uku tana yi. Ina kallonta in ta shigo, ƙafa duk ƙura, ta zauna a bakin makwarara ta rufe kowace kwalba da tsumma ta sassauta murfin a hankali, ta zubar, ta wanke, ta kankare takardar da farce. Tausayinta ya ɗan taɓa ni, amma na ce gara ta koya tun da ƙuruciya.

Aka yi kusan wata guda. Mai jego ta kusa arba'in. Rannan da safe yarinyar tana tsintar shinkafa kusa da ni, ni kuma bakina ya ƙi zama lafiya. Na ga ta yi sanyi, na ce bari in ba ta shawara irin ta manya.

Na ce, "In za ki ji tawa, duk abin da kika ga ya yi tsami, to ya kama hanyar ruɓa. Wannan ko jariri ya sani. Ke kuwa da hannunki kika tuttula masa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gwaggo, tsamin ne yake tsare shi. Shi ya sa waccan kwalbar ta yi wata biyu a taga. Ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci ba sa iya rayuwa a cikinsa. In aka kashe tsamin, mangwaro ne kawai da sukari a rufe a cikin zafi. Ko kwana uku ba zai yi ba."

Carbi ne a hannuna, na rasa a ƙwayar da na tsaya. Ita kuwa tsintarta take yi, tana ware tsakuwa gefe guda.

Da ƙyar na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar gidan Hajiya. Na tuna launin. Na kuma tuna kunun washegari bai ji kanwa ba, Umma tana ta faɗa wai jiƙon bai yi ƙarfi ba."

"Shi ne kika bi gida-gida kina durƙuso, ba ki buɗe baki ba?"

Sai a lokacin ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "In ce wa Baba me, Gwaggo? In ce yayarsa ce?"

Ta ɗauki farantinta ta shiga kicin.

Kwana uku ina juya maganar. Ba don ban san abin da ya kamata ba, girman kai ne, kuma a shekaruna ba ya haɗiyuwa da ruwa ɗaya. Rana ta huɗu na tare ƙanina a zaure zai fita kasuwa. Na gaya masa komai, tun daga cokalin har ƙwaryar. Na ce laifina ne, yarinya ba ta kuskure ko ƙwayar gishiri ba, ya mayar mata da kantarta, ni zan je gidan Hajiya da ƙafata in yi bayani.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi yana girgiza kai. "Allah sarki, Yaya. Uwa dai uwa ce."

Na ce, "Ban gane ba."

"Ke ce za ki ɓata tukunya? Shekara talatin ana cin hannunki a zuri'ar nan. So kike ki rufa mata asiri, na gane, Allah ya saka da alheri. Amma ki bari ta ɗauki kayanta."

Na ce, "Wallahi tallahi ni na zuba kanwar."

Ya ce, "Subhanallahi! Kar ki jawo wa kanki kaffara saboda yarinya." Ya gyara hularsa ya fice.

Na je gidan Hajiya kamar yadda na ce. Ita ma ta riƙe hannuna tana cewa irina sun yi ƙaranci a duniya. Kafin mako ya zagayo labari ya gama dangi, ba labarin kanwa ba, labarin kirkina: wai na ɗauki laifin 'yar ƙanina na ɗora wa kaina har da rantsuwa. Matan nan suka riƙa zuwa suna sa mini albarka. Ina faɗa musu gaskiya suna gyaɗa kai suna "Allah sarki." Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su a kwanakin nan ba. Ba wadda ta tsaya ta yi tunanin minti ɗaya, alhali kowaccensu da ita ce a tsakar gidan nan ita da tukunyar, ƙwaryar za ta ɗauka. Daga baya na daina faɗa, don duk faɗa ɗaya sai ya ƙara mini daraja ya ƙara mata tabo.

Kantar ƙanina ya jera mata sinadarin ɗanɗano na leda. Yarinyar ta samu koyarwa a wata 'yar makarantar firamare mai zaman kanta, tana fita da sassafe ta dawo bayan la'asar. Blanda ta koma kwalinta.

Ranar da mai jego ta koma ɗakinta, da yamma ina zaune sai ga ta ta yi sallama, riƙe da baƙar leda. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Turmin atamfa ne, mai tsada, irin wanda ƙanina bai taɓa saya mini ba ko da salla.

"Baba ne ya ce a kawo miki," in ji ta. "Ya ce tukuicin rufin asirin da kika yi mini ne."

Na kasa taɓawa. Ta ɗan jira, sai ta ce, "Ya ce kuma in yi miki godiya da bakina." Ta gyara durƙusonta. "Na gode, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

Ta tashi ta fita, ta saki mini labulen a hankali don kar ƙuda ya shigo.